Ku Tambayi Anti: Wa Ke Biyan Kuɗin Asibitocin Marasa Galihu a Amurka?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan watan saƙonninku kusan duk a kan abu ɗaya suka zo kamar kun haɗa baki, wato maganar ƙananan asibitocin unguwa da ke duba mutum a nan Amurka ko yana da inshora ko ba shi da ita, da kuma kuɗin tallafin da ke riƙe da su. Na daɗe ina aiki a ofishin kuɗi na ɗaya daga cikinsu, ni ce mai haɗa takardun neman tallafi da rahoton yadda aka kashe, don haka abin da zan faɗa daga cikin gida ne. Kamar kullum ba na sa sunan kowa.

Tambaya daga wata ƙanwa a Bronx: Anti barka da aiki. Ina da ciwon suga kuma bani da inshora, kitso nake yi. Wata maƙwabciyata ta kaini wani asibitin unguwa, likita ya dubani aka ɗebi jinina amma dala 20 kawai suka karɓa, tun ranar hankalina bai kwanta ba don ance banza bata kai zomo kasuwa. Dan Allah wa ya biya sauran? Ko bashi ne zai biyoni daga baya?

Ƙanwata kwantar da hankalinki, ba bashi bane, in dai sun sa ki a tsarin rangwame kuma kin biya abin da suka yanke miki to magana ta ƙare a kan wannan zuwan. Abu ɗaya kawai zan ce ki tambaya, ko gwajin jinin yana cikin rangwamen ko wani kamfani na waje ne ya yi shi, don wani lokacin ta nan ne takarda ke fitowa daga baya mutum ya rikice, kuma ko ta fito ki koma da ita wajensu kar ki ajiye ta a ƙarƙashin filo.

Irin wajen da kika je ana kiransa cibiyar lafiya ta al'umma, a takardun gwamnati kuma za ki ga an rubuta FQHC. Akwai kusan 1,400 a faɗin ƙasar nan, da rassa sama da 15,000, kuma mutum sama da miliyan 30 ke zuwa wajensu a shekara, kusan kashi 90 cikin ɗari masu ƙaramin ƙarfi ne. Gwamnatin tarayya na ba su tallafi a ƙarƙashin sashe na 330 na dokar lafiyar jama'a, ta hannun wata hukuma da ake kira HRSA, kuma babban sharaɗin karɓar kuɗin shi ne ba za su kori kowa saboda rashin kuɗi ba. Shi ne suke da matakala ta biya. Duk Janairu gwamnati na fitar da ma'aunin talauci, na 2025 dala 15,650 ne ga mutum ɗaya a shekara, dala 32,150 ga gida mai mutum huɗu. In samunki bai wuce wannan ba to ɗan abu kaɗan za ki biya ko ma a yafe, in ya wuce amma bai kai ninki biyu ba ana rage miki daidai ƙarfinki, in ya haura ninki biyu sai ki biya cikakke. Giɓin da ke tsakanin dala 20 ɗinki da ainihin kuɗin aikin, wannan tallafin ne ke cike wani ɓangare, sauran kuma daga abin da suke samu ne wajen marasa lafiya masu Medicaid (inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi) da Medicare (ta tsofaffi da naƙasassu) da sauran inshora.

Ina so ki san asalin abin don ki daina jin kamar bara kika je. A ƙarshen shekarun 1950 wani ɗalibin likitanci mai suna Jack Geiger ya je Afirka ta Kudu, wani ƙauye da ake kira Pholela, inda wasu likitoci mata da miji, Sidney da Emily Kark, suka kafa asibitin da ba ya jiran sai ciwo ya kawo mutum, su ke shiga gidaje suna duba ruwan sha da abinci da masai. Shekaru bayan ya dawo, lokacin da shugaba Lyndon Johnson ya ƙaddamar da yaƙi da talauci, shi da abokinsa Dakta Count Gibson suka samu kuɗin gwamnati suka buɗe cibiya ta farko a Columbia Point cikin Boston a 1965, ta biyu kuma a Mound Bayou cikin jihar Mississippi a tsakiyar baƙaƙen fata manoman auduga. A can ne ya ga yara na zuwa da tamowa, sai ya riƙa rubuta musu abinci a takardar magani, madara da nama da kayan lambu, iyaye su kai shago a ba su, asibiti ya biya daga kasafin magani. Da jami'an gwamnati suka yi masa ca, amsar da ya ba su ita ce shi dai abin da ya karanta a littafin likitanci, maganin yunwa abinci ne. Duk sanda na tuna wannan labarin wallahi sai naji ƙarfin ci gaba da aikin, kuma kinga tunanin ma daga Afirka ya taso.

Sannan ki nemi tafinta in Turancin na ba ki wahala, yana cikin abin da aka ba su kuɗi su yi, kar ki ɗauki ƙaramin yaro ya riƙa fassara miki maganar ciwonki. Ciwon suga kuma ba a yi masa zuwa ɗaya, ki riƙe ranakun da suka ba ki.

Tambaya daga shugaban wata ƙungiyar 'yan'uwa a Ohio: Hajiya Allah ya saka da alheri. Ƙungiyarmu tana da mutum wajen ɗari uku, muna da likitoci biyu da nas-nas a cikinmu, mun yanke shawarar buɗe namu asibitin don mutanenmu da sauran baƙi. Mun ji ance gwamnati na bada miliyoyi, ta ina zamu fara?

Ranka ya daɗe, Allah ya sa albarka a wannan niyya, kuma zan faɗa maka gaskiya yadda take don kar ku ɓata shekara biyu kuna bin hanyar da ba ta ɓullewa.

Na farko dai kuɗin sashe na 330 ba a ba mutum, ba a kuma ba kamfanin neman riba, sai ƙungiyar da ba ta neman riba ko hukumar gwamnati. Kenan sai kun yi rajista a jiharku, sannan ku nemi shaidar 501(c)(3) daga hukumar haraji ta IRS wadda kusan duk mai bada tallafi zai fara tambayarku. Na biyu sai unguwar da za ku yi aiki, ko al'ummar da za ku yi wa aiki, ta kasance gwamnati ta amince tana da ƙarancin kulawar lafiya. Ba da baki ake faɗa ba, lissafi ne da abu huɗu, yawan likitoci a kan yawan jama'a, mutuwar jarirai, yawan matalauta, da yawan tsofaffi masu shekara 65 zuwa sama. Na uku, kuma nan ne mutane da yawa ke mamaki, kwamitin gudanarwa dole ya kasance mutum 9 zuwa 25 kuma mafi yawansu, aƙalla kashi 51, marasa lafiyan da ake dubawa a asibitin ne. Su ke amincewa da kasafi, su ke ɗaukar shugaban asibiti su kuma ke sallamarsa, suna zama duk wata. Likitocinku biyu ba za su mallaki wajen ba ko da su suka kawo shawarar. Ni kam wannan sharaɗin ya fi komai burge ni a tsarin, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kuma ba za ku ce na mutanenmu ne kawai ba, duk wanda ke yankin ƙofa a buɗe take gare shi.

To ko kun cika duk wannan, kuɗin buɗe sabuwar cibiya ba kowace shekara ake sanarwa ba, sai majalisa ta ware, kuma gasa ce mai zafi. A 2019 da aka yi, wajen dala miliyan 50 aka raba wa cibiyoyi 77 a duk ƙasar, ka raba ka gani, abin da kowa ya samu bai wuce dala 650,000 ba, wanda in ka cire hayar gini da albashin likita da nas da na'urar ajiye bayanan marasa lafiya ka ga saura nawa. Yawancin masu cin gasar ma cibiyoyi ne da dama suna aiki suna neman ƙara reshe.

Akwai wata hanya ta tsakiya, wato ku fara aiki da kuɗinku ku cika duk sharuɗɗan, sai HRSA ta ba ku matsayin masu kama da cibiya. Ba ku da tallafin, amma Medicaid da Medicare za su biya ku a farashi mai kyau irin na cibiyoyin, kuma za ku sayi magani da rangwame. Wannan ma sai da jari mai nauyi.

In ni ce ku, da abu biyu zan fara. Ku je wajen cibiyar da ta fi kusa da ku, ku zauna da shugabanta ku ce muna da mutum ɗari uku da iyalansu, muna so ku riƙa turo motar asibiti harabar masallacinmu sau ɗaya a wata, muna so ku ɗauki ɗaya daga cikinmu ma'aikacin wayar da kai mai jin yarenmu, muna kuma so a ba mu kujera a kwamiti. Za ka yi mamakin yadda za su karɓe ku hannu bibbiyu, don su ma a takardar neman tallafinsu ana tambayarsu da wa suke haɗa kai a unguwa. Abu na biyu, in har likitocinku na da lokaci, asibitin sa-kai na kyauta rana ɗaya ko biyu a sati ya fi sauƙin tashi, irinsu ma sun kai kusan 1,400 a ƙasar nan, suna rayuwa da gudummawar jama'a da gidauniyoyi da manyan asibitocin yankinsu, ƙungiyoyi irin su Direct Relief da Americares na taimaka wa irinsu da magani da kayan aiki, kuma akwai tsarin tarayya da ke kare likitocin sa-kai daga ƙarar kuskuren aiki in asibitin ya nema ya cika ƙa'ida. Ku yi shekara biyu haka kuna rubuta komai, mutum nawa kuka gani, nawa ke da hawan jini, nawa jininsu ya sauka bayan wata shida. Mai bada tallafi lambobi yake karantawa kafin ya karanta labari, kuma ƙungiyar da ta riƙe dala 20,000 da amana da rasit ɗinta cif ita ake ba dala 200,000 gobe.

Ku kuma yi rajista a SAM.gov da Grants.gov, shafukan gwamnati da ake bi wajen neman tallafin tarayya, tun yanzu don tana ɗaukar makonni, kyauta ce, kar wanda ya karɓi ko sisinku a kanta.

Tambaya daga wani ɗan'uwa direban babbar mota: Anti wani ya kirani yace daga ma'aikatar lafiya yake, wai an zaɓeni a tallafin lafiya na dala 9,000 amma sai na tura dala 300 na buɗe fayil ta katin kyauta. Gaskiya ne?

Ɗan'uwa damfara ce, kar ka tura, ka toshe lambar. Gwamnati ba ta kiran mutum ta ce ya ci tallafin da bai nema ba, ba ta karɓar kuɗi kafin ta bayar, balle ta katin kyauta. Tallafin da muke magana a kai asusun asibiti yake shiga. In ka riga ka ba shi lambar asusunka ko lambar Social Security ɗinka ka kira bankinka yau ɗin nan.

Tambaya daga wata nas a Texas: Anti ni a irin wannan cibiyar nake aiki shekara uku. Duk sanda Satumba ta ƙarato sai a tara mu ace kuɗi na iya tsayawa, yanzu ma an hana ɗaukar sabbin ma'aikata, mu biyu muke aikin mutum huɗu. Me ke faruwa ne, ba ance jam'iyyun biyu duk suna son cibiyoyin ba? Na fara tunanin barin aikin.

Ƙanwata sannu, wallahi na san wannan gajiyar, kuma tambayarki ita ce ta fi taɓa ni a duk saƙonnin watan nan.

Gaskiya ne jam'iyyun biyu na yabon cibiyoyin, George W. Bush ya faɗaɗa su sosai, Obama ma haka. Matsalar tana yadda aka gina kuɗin. Tallafin tarayya kashi biyu ne, akwai wanda majalisa ke warewa duk shekara cikin kasafi, akwai kuma wani asusu na musamman da dokar inshora ta Obama ta kafa a 2010 da dala biliyan 11 na shekara biyar. Wannan asusun shi ne yanzu kusan kashi 70 na tallafin, kuma yana da ranar ƙarewa, in ba a sabunta ba ya mutu. Shekarar kuɗin gwamnati tana ƙarewa 30 ga Satumba, shi ya sa kike jin ana tara ku a wannan lokacin. A 2017 ranar ta zo ta wuce majalisa ba ta sabunta ba, sai a Fabrairun 2018 aka ba shi shekara biyu. A ƙarshen 2020 aka ba shi shekara uku a kan dala biliyan 4 duk shekara, daga 2023 kuma aka koma ƙarin 'yan watanni, a ƙara, ya kusa ƙarewa, a sake ƙarawa.

Ba zan manta da wancan lokacin na 2017 ba. Muna da likitar haƙori da muka yi wata takwas muna nema, ta amince za ta zo, mun sayi kujera an kafa ta a ɗaki har ledarta ba a cire ba. Shugabanmu ya kira ni ofis, muka buɗe lissafi a kwamfuta, ya ce in nuna masa wata nawa za mu iya biyan albashi in kuɗin bai zo ba, na nuna masa, ya yi shiru ya daɗe sannan ya ɗauki waya ya ce mata ba zai iya sa hannu a kwantiragin shekara biyu ba. Ta samu wani wajen. Da kuɗin ya zo a Fabrairu sai muka koma neman wata daga farko, kujerar nan ta yi sama da shekara a rufe, ni kuma kullum ina wuce teburin karɓar baƙi ina jin ana ce wa uwa da yaro mai kumburarren kunci babu likitan haƙori sai dai su tafi wani gari. A takarda ba a yanke mana ko dala ɗaya ba a wannan shekarar. Abin da ke min ciwo kenan, wanda ke Washington zai ce ai an biya ku, amma ba ya ganin abin da jiran ya cinye. Ba a ɗaukar likita da alkawarin wata uku, ba a karɓar hayar gini da shi, banki ma ba ya ba ka bashin gini da shi, alhali mai hawan jini zai yi shekara talatin yana buƙatarki.

Sannan tallafin ma ba shi ne babban kuɗin shiga ba, a yawancin cibiyoyi bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Medicaid ce uwa, sama da kashi 40. Ke kuma kina Texas, ɗaya daga cikin jihohi 10 da ba su faɗaɗa Medicaid ba, tare da irin su Florida da Georgia, kenan manya marasa inshora sun fi yawa a layinku, tallafi ɗaya ne amma bakunan da ke ci a ciki sun fi na wadda ke New York ko California. Ga kuma abin da ya biyo bayan korona. A 2021 an ware wa cibiyoyi dala biliyan 7.6 na gaggawa, aka ɗauki ma'aikata, kuɗin ya ƙare don na lokaci ɗaya ne. Daga Afrilun 2023 jihohi suka koma tantance masu Medicaid, aka cire sama da mutum miliyan 25, mafi yawansu saboda takarda ce ba ta iso ba ko ba a cike fom a kan lokaci ba. Mutanen nan ba su daina zuwa wajenku ba, sun dai dawo ne ba inshora. Dokar da aka sa wa hannu a Yulin 2025 ita ma ta kawo sharaɗin aikin awa 80 a wata ga manya da yawa masu Medicaid, kuma duk sabon fom da aka ƙara akwai waɗanda za su faɗo ta dalilinsa.

Gidauniyoyi masu zaman kansu na taimakawa, Allah ya saka musu, amma ina da ƙorafi a kansu da na sha faɗa a gabansu. Kowa na son ya bada kuɗin sabon shiri mai suna mai kyau na shekara ɗaya, ba mai son biyan kuɗin wuta da albashin mai karɓar waya da mai shara. Sai ki ga cibiya na riƙe da tallafi goma sha biyar, kowanne da fom ɗinsa da ranar rahotonsa da abin da ya hana a saya da shi, mutum biyu ko uku ba su da aiki sai rubutu. Ita gwamnati ta ɗan gyara a Oktoban 2024, kason tallafin da ake bari a kashe a hidimar ofis ga wanda bai da yarjejeniya ta musamman ya tashi daga kashi 10 zuwa 15, ya rage zafi amma bai kai ainihin abin da ake kashewa ba.

Maganar barin aiki kuwa ba zan ce miki ki zauna ki kashe kanki ba, kina da iyali kina da jiki. Amma kafin ki yanke, in kina da bashin makaranta ki duba shirin National Health Service Corps da kuma Nurse Corps, suna biya wa ma'aikatan lafiya wani ɓangare na bashin karatu in sun yi alkawarin shekara biyu a wajen da ke da ƙarancin ma'aikata, kowanne da irin matakin aikin da yake ɗauka, ofishin ma'aikatanku ya san wanda ya dace da ke. Kuma ki nemi a kai maganar aikin mutum huɗu gaban kwamiti a rubuce.

Tambaya daga wani magidanci a Atlanta: Hajiya matata ta faɗi da dare na kaita sashen gaggawa na babban asibiti, sun karɓeta basu tambayi kuɗi ba, bayan sati uku sai ga bil na dala 6,000 da wani abu. Na ɗauka irin asibitin da gwamnati ke tallafawa ne, ya akai haka?

Malam Allah ya ba ta lafiya. Abu biyu ne suka haɗe maka. Akwai dokar 1986 da ake kira EMTALA, ita ta tilasta wa duk asibitin da ke karɓar Medicare ya duba wanda ya zo sashen gaggawa ya kuma ceto shi daga haɗari ko da kuɗi ko babu, amma ba ta ce kyauta ba, shi ya sa bil ya biyo baya. Manyan asibitocin talakawa irin su Grady a nan garinku, Bellevue a New York da ke aiki tun 1736, Parkland a Dallas, da na Cook County a Chicago, nasu kuɗin daban ne da na cibiyoyin unguwa, yana zuwa daga harajin ƙaramar hukuma da wani ƙarin kuɗi da Medicaid ke ba asibitocin da nauyin marasa ƙarfi ya yi musu yawa, tsarin da aka fara tun 1981.

Abin yi shi ne kar ka biya da katin bashi kuma kar ka yi shiru. Duk asibitin da ba na neman riba ba doka ta wajabta masa samun rubutaccen tsarin taimakon kuɗi, kuma kana da kwana 240 daga ranar bil na farko ka nema. Ka je ofishin biyan kuɗi da kanka ka ce kana son fom ɗin taimakon kuɗi, ka nemi su ba ka bil mai bayani dalla-dalla, ka kuma tambaya ko ta cancanci Medicaid ta gaggawa. Bil ɗin likita da na motar asibiti kan zo daban, kowanne sai ka bi shi. Bayan nan ka yi mata rajista a cibiyar unguwa don a gano abin da ya kayar da ita tun kafin ya sake.

Tambaya daga wani dattijo a Greensboro: 'Yata, ni Alhamdulillahi ina da Medicare, 'ya'yana kuma suna taimakona. Amma asibitin unguwarmu nake zuwa don sun sanni kuma maganinsu da sauƙi. Wani yace min ina cin haƙƙin talakawa, abin ya dameni. In daina zuwa?

Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, kar ku daina. Wanda ya faɗa muku haka bai san yadda lissafin yake ba. Duk zuwan da kuka yi Medicare na biyan cibiyar, wannan kuɗin ne ke taimakawa a duba wanda ba shi da komai, cibiyar da babu masu inshora a cikinta ba ta daɗewa. Sauƙin maganin kuma daga wani shiri ne na 1992 mai suna 340B, wanda ya tilasta wa kamfanonin magani da ke son Medicaid ta sayi kayansu su sayar wa irin waɗannan asibitoci da rangwame mai yawa, kuma in kuka karɓi maganinku a kemis ɗinsu ɗan rarar da ta rage ana mayar da ita cikin aikin, a wajenmu da ita muke biyan mai kai tsofaffi asibiti da mota. Ba daga harajin kowa yake fita ba, shi ya sa ma tun 2020 kamfanonin ke ta ja da shi a kotu.

Inda haƙƙi zai shigo shi ne mutum ya ɓoye samunsa don a sa shi a matakin rangwamen da bai cancanta ba, wannan kam ina roƙon 'yan'uwa mu ji tsoron Allah, don odita na zuwa yana ɗaukar fayil ɗaya bayan ɗaya, in aka ga ba daidai ba cibiyar ce ke shiga matsala. Ku kuwa ba haka kuka yi ba.

Kuma Baba ina da roƙo a wajenku. Duk Fabrairu muna tura wa HRSA rahoton shekara, mutum nawa muka gani, yare nawa suke ji, nawa ne suka haura 65, da waɗannan lambobin ake kare kuɗin a majalisa, ku ma kuna cikinsu. Tunda kuna zuwa a kai a kai kun cancanci zama a kwamitin gudanarwa, kuma a duk shekarun da na yi ina wannan aikin sau ɗaya tak na ga mai jin Hausa a irin wannan kujerar, wata baiwar Allah ce mai aikin kula da tsofaffi a gida, ita ta sa aka fara buɗewa ranar Asabar da safe don direbobi da masu aikin dare, ita ta sa aka daina haɗa mace da likita namiji ba tare da an tambaye ta ba. Ran da za ku koma karɓar magani ku ce wa na teburin gaba kuna son ganin shugaban cibiyar a kan maganar kwamiti, zama ɗaya ne a wata, yawanci da yamma, in kuna buƙatar tafinta ku faɗa musu tun a ranar.